Babur Mai Tambarin Bindiga Uku: Tarihin Baje Kolin Tsofaffin Babura

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Gusau ya aiko mana da doguwar wasiƙa. Ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin gona ne tun zamanin En'e, ya rasu ya bar wani babur jingine a zaure, ya yi shekaru ba a tayar da shi ba. A jikinsa akwai tambarin bindigogi uku an jingina su da juna. Yanzu 'yan'uwa sun matsa a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, shi kuwa ya ji an ce a Turai har biki ake yi na tsofaffin babura, mutane su biya kuɗi su shiga kallo. Shin gaskiya ne? Yaushe aka fara? Kuma nasu yana da wata daraja?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Kafin komai, ka roƙi 'yan'uwa su ɗan dakata, kada a kira mai sikeli tukuna. Wannan tambari da ka gani na kamfanin BSA ne, wato Birmingham Small Arms, kuma bindigogin nan ba ado ba ne kawai. Maƙeran bindiga ne na birnin Birmingham a Ingila suka haɗa kai suka kafa kamfanin a 1861. Da kasuwar bindiga ta ja baya sai suka shiga ƙera kekuna, daga nan a 1910 suka fito da babur. Batun biki kuwa gaskiya ne, ana yi, har ma Allah ya nufe ni da halartar ɗaya. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe, don in ba a san yadda baburan suka zo da yadda masu ƙera su suka karye ba, ba za a gane abin da ke tara dattawa a kansu ba.

Galibin masana tarihi suna fara lissafi ne daga 1885, lokacin da wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan wani keken katako. Har da 'yan ƙananan tayoyi biyu suka sa masa a gefe don kada ya faɗi. Su ba babur suke nema ba, injinsu suke gwadawa. Wannan na farkon ma babu shi yau, ya ƙone a gobarar da ta ci masana'antar Daimler a 1903. Duk wanda ka gani a gidan tarihi kwaikwayo ne aka ƙera daga baya. Babur na farko da aka yi da yawa don sayarwa shi ne Hildebrand & Wolfmüller na birnin Munich, a 1894. Ba shi da kuloci, ba shi da feda. Mai shi zai tura shi yana gudu, in inji ya kama sai ya yi tsalle ya haye. Wanda ya makara kuwa, babur ya tafi ya bar shi a hanya.

Daga nan sai kamfanoni suka yi ta ɓullowa. Indian a Amurka da Royal Enfield a Ingila a 1901, Triumph da Norton suka fitar da baburansu na farko a 1902, Harley-Davidson a 1903. Wani abin mamaki, Triumph ɗin nan da Ingilishi ke tinƙaho da shi, wani Bajamushe ne mai suna Siegfried Bettmann ya kafa shi a birnin Coventry. A wancan lokaci dokar Ingila ta hana tsere a kan titi, kuma ba a yarda mota ko babur ya wuce mil 20 a awa ba. Saboda haka masu son gudu suka ƙetara wani tsibiri da ake kira Isle of Man, mai majalisarsa da dokokinsa, suka fara tseren TT a 1907. Har gobe ana yinsa.

Yaƙi ne ya yawaita babur. A yaƙin duniya na farko Triumph ya ba sojojin ƙawance babura wajen 30,000 don masu kai saƙo a fagen daga. A na biyu kuwa, wato yaƙin Hitila, BSA ya ƙera wani samfuri mai suna M20 har guda 126,000. Bayan yaƙi aka karɓe zanen wani ƙaramin babur na kamfanin DKW na Jamus a matsayin diyya, BSA ya juya shi ya sa masa suna Bantam, ya fito da shi a 1948. Ka riƙe sunayen nan biyu, Malam, za mu dawo kansu. A 1951 BSA ya saye Triumph, kuma cikin shekarun nan na 1950 babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera babura a duniya. A lokacin ne baburan Ingila suka bazu a ƙasashen da take mulki, har irin na mahaifinku ya iso hannun ma'aikatan En'e da na gwamnati masu yawon rangadi.

To, sai girman kai ya shiga. Mutanen Japan suka taso, Turawan Ingila suna kallonsu a matsayin masu ƙera 'yan ƙananan babura na zuwa cefane. Honda ya fito da Super Cub a 1958, wanda ya zuwa 2017 an ƙera miliyan 100 na irinsa. A 1959 ya je tseren TT, a 1961 kuwa baburansa suka kwashe na ɗaya har zuwa na biyar a aji biyu na tseren. Duk da haka ba a farka ba. Sai a 1969 Honda ya saki CB750, babban babur mai silinda huɗu, mai birkin faranti a gaba, kuma maɓalli kawai za ka danna ya tashi. Alhali na Ingila sai ka yi ta dukan kik har gumi ya karyo maka, in ka ajiye shi kuma ka dawo ka tarar ya ɗiga baƙin mai a ƙasa. Mai saye ba wawa ba ne. Kafin 1973 BSA ya durƙushe, aka haɗa ragowarsa da Norton, wannan haɗin ma bai yi ƙarko ba. Ma'aikatan Triumph na masana'antar Meriden suka ƙi yarda a rufe, suka riƙe ta da kansu a matsayin ƙungiyar gama kai daga 1975, suka yi ta fama har 1983 sa'an nan suka saduda. Wani mai gine-gine, John Bloor, ya sayi sunan, ya gina sabuwar masana'anta a Hinckley, Triumph ya dawo kasuwa a 1990.

Sauran sunayen kuwa Indiya suka koma. Royal Enfield tun 1955 aka fara harhaɗa shi a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai. Na Ingila ya mutu, na Indiya ya ci gaba. Wani reshen kamfanin Mahindra ya sayi sunan BSA a 2016, TVS kuma ya sayi Norton a 2020. Ka ji yadda duniya ke juyawa.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Mutum zai zaci sai da masana'antun suka rushe aka fara ɗokin tsofaffin babura, amma ba haka ba ne. Tun 1930 wata ƙungiya mai suna Sunbeam Motor Cycle Club ta fara shirya wata tafiya da ake kira Pioneer Run, daga wajen Landan zuwa garin Brighton na bakin teku. Daga baya aka riƙa tashi daga Epsom, tafiyar sama da mil 40. Sharaɗinta shi ne babur ya kasance an ƙera shi kafin 1915. Ka lura, a 1930 irin waɗannan babura shekarunsu ba su wuce ashirin zuwa talatin ba, amma sauyin da aka samu a ƙira ya yi yawa har sun zama abin dariya, ana zubar da su a bola. Wasu 'yan tsiraru ne suka ga cewa in aka yi sake ba za a bar ko ɗaya ba.

Bayan yaƙi, a watan Afrilu na 1946, wani mai suna Titch Allen ya tara mutum 38 a wani gidan shayi kusa da garin Guildford, suka kafa ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club, wadda aka fi sani da VMCC. A 1949 ta fara tata tafiyar, Banbury Run, ta baburan da aka yi kafin 1931, wadda ake yi cikin watan Yuni, ɗaruruwan babura su fito. A hanyar akwai wani tudu mai suna Sun Rising Hill, nan 'yan kallo ke taruwa, don a nan ake gane babur mai sauran ƙarfi da wanda sai mai shi ya sauka ya tura. Wanda ya haye a yi masa tafi, wanda ya sauka ya tura shi ma a yi masa tafi.

Su waɗannan mutane sun rarraba tsufa aji-aji, kamar yadda muke da manyan dattawa da masu bi musu. Na kafin 1915 su ne kakanni. Daga 1915 zuwa 1930 aji na biyu. Sai na bayansu har ƙarshen yaƙi, sai na bayan yaƙi. A ƙa'idar VMCC, duk babur da ya haura shekara 25 ya cancanci shiga, kowace ƙasa ce ta ƙera shi. Wato ke nan Honda da Yamaha da suka kashe kasuwar Ingila, yau su ma ga su a rumfa ɗaya da waɗanda suka kashe. Gwamnatin ƙasar ma ta sa hannu, abin hawan da ya wuce shekara 40 an yafe masa harajin hanya.

Wanda na halarta shi ne na garin Stafford, a filin da ake baje kolin amfanin gona da dabbobi. Sau biyu ake yinsa a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma na Oktoba ya fi karkata ga baburan Japan. Wani kwas ne ya kai ni Ingila, wani abokin aiki Bature mai wannan ciwo ya ja ni. Gaskiya da farko don kunya na bi shi. Ni da na fara da riƙe alli kafin makirufo, ban san komai a kan inji ba in ban da canja fulogi. Amma tun daga ƙofa jikina ya mutu. Manyan zauruka ne, kowace ƙungiya da rumfarta: masu BSA a nan, masu Norton a can, masu Vespa a wancan lungu. Kowane babur da ɗan allo a gabansa, an rubuta shekarar da aka yi shi da inda aka tsinto shi. Ƙarƙashin da yawa daga cikin na Ingila an ajiye faranti don tarar baƙin mai, kuma ba mai jin kunyar haka, har ba'a suke yi wa junansu a kai. Na ga masu bel na fata maimakon sarƙa, na ga masu giya a gefen tanki da ake sawa da hannu, na ga masu fitilar da sai an ƙyasta ashana, tana aiki da kabaid irin na masu walda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen. Akasari dattawa ne masu furfura, kowa da ƙyalle a hannu yana goge abin da ya riga ya goge. In ka tsaya ka yi tambaya ɗaya, ka shiga uku, sai ka ji tarihin kowane noti. Wani ya nuna mini hotunan nasa ranar da ya samo shi, tarin tsatsa a cikin akwatuna, ya ce shekaru ya yi yana haɗa shi a bayan gida, matarsa tana mita. Alƙalai suna zagayawa suna leƙa ko ina, su ba da kyauta ga wanda ya fi kusa da yadda ya fito daga masana'anta. A waje kuma ga kasuwar tsofaffin kayan gyara, shimfiɗa bayan shimfiɗa, tankuna da kabureta da salansa, ana taya ana ciniki. Na ce wa abokina ai wannan sashen mun fi ku iyawa. Can da rana aka tayar da wasu tsofaffin baburan tsere ɗaya bayan ɗaya, ƙara kamar za ta fasa kunne, dattawan nan suna tsaye sun lumshe ido sai ka ce masu sauraron waƙa.

A nan filin ne kamfanin gwanjo na Bonhams ke yin gwanjonsa, kuma daga nan ne labaran miliyoyin da kake ji suke fitowa. Alal misali, akwai wani babur mai suna Brough Superior da George Brough ya riƙa ƙerawa a Nottingham daga 1919 zuwa 1940, duka-duka wajen 3,000 aka yi. Shi ne wanda T. E. Lawrence, Baturen nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya faɗi a kansa a 1935 garin kauce wa yara biyu masu keke, ya mutu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, shi ne ya duƙufa binciken raunin kai har sojan Ingila suka wajabta hular kwano a 1941. 'Yan acaɓa da masu ƙin hular kwano, sai ku ji. To a 2016 aka kawo irin wannan babur guda takwas Stafford, waɗanda aka samo a rumbunan wani dattijo a yankin Cornwall bayan rasuwarsa, tsatsa ta cinye su, wasu ma a wargaje. Da a wurinmu ne da kilo za a auna su. Aka sayar da su sama da fam 700,000.

Haka kuma a watan Janairu na 2018, a birnin Las Vegas na Amurka, an sayar da wani Vincent Black Lightning ƙirar 1951 a kan dala 929,000. Dalili biyu ne. Na farko, talatin da 'yan kai kawai aka taɓa yi. Na biyu, an san tarihinsa: wani mai suna Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostireliya a 1953, kuma ba a taɓa sake masa fenti ba, da tabonsa da kwarzanensa aka sayar da shi.

Wannan shi ya kawo mu kan naku, kuma ba zan yi maka romon baka ba. Tsufa kaɗai ba ya sa babur tsada. Abin da ke sa shi tsada shi ne ƙarancinsa, da cikar kayansa na asali, da sanin hannun da ya bi. Ka tambayi manya a gida: shin marigayi yana haɗa baƙin mai da fetur a tanki ɗaya? In haka ne, kuma babur ɗin ƙarami ne, to da alama Bantam ne, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1948 zuwa 1971, dubu ɗaruruwa. Ana sonsa ƙwarai a wuraren bikin nan, amma ba ya cikin masu tsada, shi ne ma wanda sabon shiga ke farawa da shi. In kuwa babba ne mai nauyi, da tankin baƙin mai daban, yana iya zama M20 ko wani ɗan'uwansa. Shi ma an yi da yawa. Sa'an nan ka tuna kasuwar tana can, babur yana Gusau. Kuɗin dako da na takardu na iya cinye ribar. Amma ko yaya ne, babur cikakke ya fi abin da mai sikeli zai ba ku nesa ba kusa ba.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, mu ma muna da irin wannan dukiya, muna ta narkar da ita. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yi a 1946, ya san yadda take da malaman makaranta da 'yan kasuwa, babbar riga ta zauna daram ba abin da zai kama ta. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975 ma'aikata suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Suzuki. Hedimastanmu na firamare yana da Honda Benly, in muka jiyo ƙararsa daga nesa kowa sai ya nutsu. Duk waɗannan yau sun haura shekara 40, da za a kai su Stafford cikin Oktoba da rumfa za a ba su. Mu kuwa da Jincheng da Bajaj suka shigo, sai muka tura su lungu, daga lungu sai kurar 'yan gwangwan. Kuma ni a ganina makanikanmu sun fi dattawan can hikimar rayar da mataccen inji, don su can ana sayar musu da sabon kayan gyara na tsohon babur, namu kuwa da kansu suke ƙirƙira.

Ba wai Turawan ba sa asara ba ne. Akwai babban gidan tarihin babura na ƙasa kusa da Birmingham, wanda wani attajiri Roy Richards ya buɗe a 1984. A watan Satumba na 2003 gobara ta tashi, guntun sigari ne sanadi, babura 380 suka ƙone. Amma cikin Disamba na 2004 suka sake buɗewa, da yawa daga cikin waɗanda wuta ta taɓa an sake gina su, saboda akwai zane, akwai littattafai, akwai masu sani.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka yi masa fenti, kada ka kankare tambarin, kada ka yar da ko noti ɗaya, ko da ya lalace. Kada kuma ka bari wani ya zuba fetur ya hau dukan kik don a ji ko zai tashi. Injin da ya daɗe a kwance in aka tilasta shi a bushe ana iya yi masa ɓarnar da shekarun ba su yi ba. Ka ɗauke shi daga inda ruwa ke zuba, ka rufe shi. Ka binciki akwatin marigayi, ko za a dace da rasit, ko lasin, ko tsohon hotonsa a kai, don waɗannan suna ƙara masa daraja, kuma ko ba a sayar ba jikoki za su so gani. In dillali ya zo da zaƙin baki yana gaggawa, ka ce masa sai an yi shawara.

Tunda kayan gado ne, kowa yana da haƙƙi a ciki, kuma 'yan'uwanka ba su yi laifi ba don sun nemi nasu. In kai ne ranka ke kansa, hanya mafi sauƙi ita ce a kira wanda ya san kan babur ya yi masa kuɗi a gaban kowa, ka biya su rabonsu, ya zama naka ba tare da ƙorafi ba.

Abu na ƙarshe, akwai lambobi biyu da aka buga a jikinsa. Ɗaya a jikin inji, galibi ta gefen hagu ƙasa da silinda, ɗaya kuma a jikin ƙarfen firam ta gaba. Ka goge wurin da kananzir da tsohon burushi, ban da sandfefa. Ƙungiyar VMCC da ƙungiyar masu BSA suna riƙe da littattafan da masana'antar ta riƙa rubuta baburan da ta fitar, kuma da waɗannan lambobi ana iya gano samfurinsa, da shekarar da ya bar Birmingham, wani lokaci har da dillalin da aka aika wa. Ka kwafo su da kyau, harafi da lamba, ka haɗo da hoton babur ɗin ta dama da ta hagu ka aiko mana, in Allah ya yarda za mu waiwayi zancen a wani shiri na gaba. A gaida mutanen Gusau.